Takin da ke da rai: yadda ake shafa wa irin waken soya garin rizobiya

Idan damina ta yi nisa, wake ya fara fure, ɗauki fartanya ka haƙo gindi ɗaya tare da ƙasarsa, ka wanke saiwar a cikin ruwa. Za ka ga wasu 'yan ƙululai manne da ita, wasu kamar ƙwayar gero, wasu sun kai ƙwayar dawa. Manoma da yawa suna ɗaukarsu ciwo ne. Ba ciwo ba ne. Ɗakuna ne da shukar ta gina wa wasu ƙwayoyin bakteriya na cikin ƙasa da ake kira rizobiya, kuma a cikinsu ake haɗa takin da wake ke ci.

Abin da ke faruwa shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, sinadarin nan da muke biyan kuɗi mu saya a buhun yuriya. Shuka ba ta iya cin sa kai tsaye daga iska. Rizobiya tana iyawa: tana kama shi ta mayar da shi yadda saiwa za ta sha, ita kuma shukar ta biya ta da sukarin da ganyenta ke haɗawa da hasken rana. Dangin wake ne ke da wannan baiwa, wato wake, waken soya, gyaɗa, gurjiya, har da wasu itatuwa irin su gawo da dakwara. Masara da dawa da gero ba su da ita. Wasu masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da haka a 1886, bayan shekara biyu wani ɗan ƙasar Holan mai suna Beijerinck ya ware ƙwayar kanta daga cikin ƙululun. Kakanninmu da ke surka wake cikin gero ba su san sunanta ba, amma sun san gonar da aka yi wa wake ba ta gajiya da wuri.

To tunda ƙwayar tana cikin ƙasa, me ya kawo maganar sayen ta a leda? A nan ne aikin ya fara.

Fara da sanin ko amfanin gonarka na bukata

Rizobiya iri-iri ce, kuma kowace shuka da wadda take karɓa. Wake ɗan gida ne, a Afirka aka fara noma shi, saboda haka ƙasarmu cike take da ƙwayoyin da suka saba da shi. Gyaɗa baƙuwa ce daga Kudancin Amurka, amma ta daɗe a nan, kuma tana shiri da ƙwayoyin wake. Shi ya sa sau da yawa za ka shafa wa wake ko gyaɗa garin rizobiya ka ga bambancin kaɗan ne. Ba a ce ba ya aiki sam ba: a arewacin Ghana an gwada wasu ƙwayoyi da aka kawo daga Brazil a kan wake, an kuwa ga ƙari. Amma idan kuɗinka ƙalilan ne, ba nan za ka fara zuba su ba.

Waken soya ne mai matsalar. Asalinsa ƙasar Sin, kuma ƙwayar da ya fi so, wadda masana ke kira Bradyrhizobium japonicum, ba ta yawaita a ƙasarmu. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta yi shekaru tana haɗa ire-iren waken soya masu karɓar ƙwayoyin gida, su ne waɗanda sunansu ke farawa da TGx, irin su TGx 1448-2E da TGx 1835-10E. Wannan ya sa wasu ke cewa irin TGx ba ya bukatar komai. Gonaki sun ƙaryata hakan. Shirin N2Africa, wanda Jami'ar Wageningen ta Holan ta jagoranta tare da IITA daga 2009 zuwa 2019, ya yi gwaji a ɗaruruwan gonakin manoma a jihohin Kano da Kaduna. Inda ba a sa komai ba, matsakaicin abin da aka samu bai kai tan ɗaya a hekta ba. Garin rizobiya kaɗai ya ƙara sama da kilo 400, takin sufa kaɗai ya ƙara kusan haka, da aka haɗa biyun ƙarin ya haura kilo 700. Matsakaici ne fa, akwai gonakin da suka fi haka, akwai waɗanda ba su motsa ba.

Gonar da ta fi bukata ita ce wadda ba a taɓa shuka waken soya a cikinta ba, ko aka yi shekara uku zuwa huɗu ba a shuka ba, sai kuma jigawa mai yashi wadda zafin bazara ke gasawa har ƙwayoyin cikinta su mutu.

Saye da ajiya

Abin da za ka saya baƙin gari ne mai ɗan danshi, a cikin leda a like. Garin kansa ba shi ne takin ba, shimfiɗa ce kawai ta ruɓaɓɓen tsiro da ƙwayoyin ke kwance a kai. A gari mai kyau, giram ɗaya na ɗauke da ƙwaya kamar biliyan ɗaya. A Najeriya wanda aka fi sani shi ne NoduMax, na waken soya, wanda IITA ke haɗawa a Ibadan. A Ghana cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala kusa da Tamale tana yin nata, akwai kuma waɗanda ake shigowa da su daga waje.

Duba abu uku a jikin ledar: sunan amfanin gonar da aka yi shi dominsa, ranar da zai daina aiki, da lambar rajista, wadda a Najeriya hukumar NAFDAC ke bayarwa. Na waken soya na waken soya ne, kada wani ya ce maka duk wake wake ne. Akwai abu na huɗu da ba a rubuta a leda ba, kuma a ganina ya fi sauran muhimmanci: ina mai shagon ya ajiye shi? Idan ka tarar da ledar a kan tebur a bakin kasuwa rana na dukanta, ko a saman kanta a ƙarƙashin kwanon rufi a watan Afrilu, wuce abinka ko da rabin kuɗi ya ce. Araha ba ta ado. Zafin da ya kai awo 40 yana kashe ƙwayoyin cikin ɗan lokaci, kuma mataccen gari da mai rai kamanninsu ɗaya, ido ba ya rabewa.

Wannan shi ne abin da nake so ya zauna maka a rai tun daga nan: ba ka sayi taki ba, ka sayi abu mai rai. Yadda za ka riƙe 'yan tsaki daga kasuwa zuwa gida, haka za ka riƙe shi. Kada ka bar shi a but ɗin mota ko ka ɗaure shi kusa da injin babur. A gida, in akwai firji sa shi a ɓangaren sanyi na ƙasa, ban da wurin ƙanƙara. In babu, sa ledar cikin wata leda, ka jefa a busasshen tulu, ka kafa tulun cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Kada ka ajiye shi tare da maganin ƙwari ko na ciyawa, kada kuma ka buɗe sai ranar shuka. Yawanci wata shida ne iyakar ransa, saboda haka na bara ba ya yi wa bana. Ka saye shi daf da faɗuwar damina.

Nawa za ka saya? Yawancin masu haɗawa suna cewa giram 5 zuwa 10 ga kowane kilo na iri, kuma abin da ke rubuce a ledarka shi ne hukunci. In giram 10 ne, ledar giram 100 ta ishi kilo 10. Hekta ɗaya tana cin iri kilo 50 zuwa 70, wato leda biyar zuwa bakwai ke nan. Ka auna irin da sikeli, domin mudu da tiya kowace kasuwa da nata.

Gona da takin sufa

Kafin ka taɓa garin, gwada irin. Waken soya yana saurin mutuwa a ajiya fiye da wake. Ƙirga ƙwaya 100, ka shuka a jiƙaƙƙen yashi, ka duba bayan mako guda. In 80 ko fiye suka fito, madalla. In sun gaza haka sosai, canza iri, don babu ƙwayar da za ta tayar da mataccen iri.

Zaɓi gonar da ruwa ba ya kwanciya. Ƙululan suna numfashi, kwana biyu ko uku a cikin ruwa ya isa ya tsayar da aikinsu. In wurin laka ne, yi kunya.

Sai maganar taki, inda aka fi yin kuskure. Kama naitirojin aiki ne mai cin ƙarfi, kuma sinadarin fosfaras ne ke ɗaukar nauyin wannan ƙarfi a jikin shuka. Ƙasashen savana na arewa kuwa, daga Zariya zuwa Maraɗi, fosfaras ne babban abin da suka rasa. Shi ya sa mai shafa gari bai sa sufa ba rabin aiki ya yi. Ana sa takin sufa, mai alamar SSP a buhu, kamar buhu 3 zuwa 5 a hekta, ko buhu biyu na TSP wanda ya fi shi ƙarfi. Lokacin shuka ake sa shi, ba bayan an yi noman farko ba, domin ba ya tafiya cikin ƙasa kamar yuriya, inda ka ajiye shi nan yake zama. Ja layi a gefen layin shuka, tazarar faɗin yatsu uku, ka zuba ka rufe. Kada ya haɗu da irin a rami ɗaya, gishirinsa yana ƙona iri, yana kuma kashe ƙwayoyin.

Yuriya kuwa bar ta ga masara. Shuka ba wawa ba ce: in ta samu naitirojin a sauƙaƙe a cikin ƙasa, sai ta ƙi gina ƙululai, tunda ciyar da baƙi asara ce in abinci na zuwa kyauta. Ka biya kuɗin yuriya, ka kuma kashe aikin garin da ka saya. In kamfa kaɗai ke hannunka, ɗan kaɗan lokacin shuka ba ya ɓarna, musamman a gonar da ta mutu murus, amma ba shi ne zaɓi ba. Takin gargajiya da ya ruɓe sosai yana taimako ƙwarai, yana riƙe danshi, yana kuma rage tsamin ƙasa, wanda rizobiya ba ta so.

Ranar shafawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun daren jiya ka tanadi babban baho ko roba mai tsabta wadda ba a taɓa dama maganin feshi a ciki ba, da buhu ko tabarma ta shanya, da ruwa, da abin manne. In ruwan famfo ne mai warin kulorin, tara shi ya kwana a buɗe, domin an sa masa maganin ne don kashe ƙwayoyi, kuma ba ya tambayar wacce mai amfani ce. Ruwan rijiya ko na sama ya fi.

Abin manne mafi kyau shi ne ƙaro, wanda muke da shi a Yobe da Borno da Jigawa har ake fitar da shi ƙasashen waje. Wasu ledojin suna zuwa da ƙullin garinsa a ciki. Ga kilo 10 na iri, narka ƙaro kamar giram 20 a ruwa mililita 200, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar fiya-wata. Da ruwan ɗumi yake narkewa, amma ka bari ya huce sarai kafin ya taɓa iri. In babu ƙaro, cokali biyu na sukari ya wadatar, sai dai bai kai shi riƙo ba, kuma yana jawo tururuwa.

Kada ka shafa sai an yi ruwa mai kyau, ƙasa ta jiƙa, masu shuka kuma suna tsaye. Da sassafe ake yi, a inuwa. Zuba irin a baho, ka yayyafa ruwan ƙaron kaɗan-kaɗan kana juyawa da hannu, har kowace ƙwaya ta yi sheƙi. Sheƙi nake cewa, ba jiƙa ba. In ka ga ruwa ya taru a gindin baho, ko fatar waken ta fara yamutsewa tana saɓulewa, ka wuce gona da iri. Fatar waken soya siririya ce, a hankali ake juya shi, ba kamar mai wankin shinkafa ba.

Sannan ka yage ledar, ka barbaɗa garin a kai, ka ci gaba da juyawa har irin ya yi baƙi-baƙi gaba ɗaya, babu fari tas, babu dunƙule. Baza shi a kan buhu a inuwa, minti goma sha biyar zuwa rabin awa, ya sha iska har ya daina manne wa juna. Kada ka kai shi rana don ya yi saurin bushewa. Hasken rana kai tsaye yana kashe ƙwayoyin, kuma wannan kuskure ɗaya ya isa ya mayar da duk wahalar banza.

Ka shafa iya abin da za a shuka cikin awa biyu zuwa uku. In gonar babba ce, yi shi kashi-kashi: na safe daban, na yamma daban. Masu shuka su riƙa ɗiba a ƙwarya ko kwano, a rufe da tsumma. Abin da ya kwana, a sake shafa masa.

Akwai batun maganin iri, jan garin nan ko shuɗi da ake cuɗawa don kare iri daga ruɓa da ƙwari. Wasu daga cikinsu suna cutar da rizobiya, musamman masu sinadarin tagulla. In dole ne ka yi amfani da shi, fara sa maganin, ya bushe sarai, sannan ka shafa garin a ƙarshe, ka ɗan ƙara yawansa, ka shuka nan take. Kada ka taɓa dama su tare a ruwa ɗaya. Kuma in da magani a jikin iri, sa safar hannu ko leda.

Shuka

Binne ba ya yi a nan. Wanda ya saba zuba gero a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa, kada ya gwada haka da irin da aka shafa, domin yashin bazara da tsakar rana yana zafin da zai dafa ƙwayoyin cikin yini ɗaya. A yankin Kaduna da Neja ana shuka daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, can sama wajen Kano da Katsina kuwa sai damina ta zauna sosai, kuma da iri mai saurin nuna.

Zurfin rami santimita 3 zuwa 5, kamar gaɓa biyu na yatsa. Tsakanin layi da layi santimita 50 zuwa 75, tsakanin ƙwaya da ƙwaya kamar santimita 5. Waken soya yana son cunkoso, mai yi masa tazarar dawa ciyawa yake nomawa. A rufe rami nan take, kada a jera iri a buɗe a ce sai an kai ƙarshen kunya a dawo.

Yanzu ga shawarar da na fi so ka ɗauka. Ware 'yan fegi huɗu masu girma ɗaya a gefen gona, ko da taku goma-goma ne. Na farko ba komai, na biyu sufa kaɗai, na uku gari kaɗai, na huɗu duka biyun. Fara shuka waɗanda ba a shafa ba, da hannu mai tsabta da kwano daban, kuma su kasance ta sama da gangare, don kada ruwa ya kwaso musu ƙwayoyin daga waɗanda aka shafa. Gani ya kori ji. Alƙaluman da na kawo a sama na gonakin wasu ne, wannan kuwa amsar gonarka ce.

Duba saiwa

Mako biyu zuwa uku na farko ganyen na iya yin ɗan fari-fari. Kada ka ruga ka watsa yuriya. Abincin cikin ƙwayar irin ne ya ƙare, ƙululan kuma ba su gama kama aiki ba. Yawanci da kansa yake komawa kore shar.

Bayan mako biyar zuwa shida, ko da fara fure, haƙo gindi biyar daga wurare daban-daban. Haƙa nake cewa, kada ka fizga, domin fizga tana barin ƙululan a ƙasa, ka zaci babu. Wanke, ka duba inda suke. Manya da suka taru a saman uwar saiwa, kusa da inda irin ya kwanta, alama ce ta cewa garinka ne ya yi aiki. Ƙanana da suka warwatse can a ƙananan saiwoyi yawanci na ƙwayoyin gida ne da suka zo daga baya.

Sai ka tsaga wasu da reza ko farce. Ciki ja ko ruwan hoda, kamar tsokar nama, yana nufin ana kan aiki. Jan nan wani sinadari ne ɗan'uwan wanda ke sa jininmu ja, aikinsa riƙe iskar oksijin don kada ta ɓata aikin kama naitirojin. Fari a kan ƙaramar shuka bai riga ya fara ba, ka sake dubawa bayan kwana goma. Fari ko kore a lokacin fure kuwa baƙo ne mai ci ba ya biya. Kore ko ruwan ƙasa bayan kwanso ya cika ba komai ba ne, sun gama aikinsu.

Kada ka rikita su da kumburin tsutsar saiwa. Ƙululun rizobiya a gefe yake manne, da ka murza shi da yatsa zai fita. Na tsutsa kuwa saiwar ce kanta ta kumbura ta yi gaɓa-gaɓa, ba ya cirewa sai ka karya ta.

In ba ka ga ƙululai ba sam, bi sawu da baya: ko garin ya mutu tun a shago, ko ya sha rana, ko an shuka a busasshiyar ƙasa, ko gonar ta sha yuriya da yawa bara. In akwai su amma ƙanana ne kuma shukar ta tsumbure, zargi rashin sufa ko tsamin ƙasa.

Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi Brazil, wadda ta fi kowace ƙasa noman waken soya a yau. Miliyoyin hekta ake nomawa can kusan ba tare da takin naitirojin ba, kuma manomansu kowace shekara suke sake shafawa ko da gonar ta saba. Mariangela Hungria, masaniyar cibiyar binciken noma ta Brazil, Embrapa, da ta yi shekaru tana wannan bincike, ita aka ba Lambar Abinci ta Duniya a 2025.

Bayan girbi

Ana yawan cewa waken soya yana barin taki ga masarar da za ta biyo shi. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Mafi yawan naitirojin da aka kama yana tafiya cikin ƙwayar waken, shi ya sa awara ke gina jiki. Abin da ya rage wa gona shi ne ganyen da ya zube, da saiwa, da kara. Mai tumɓuke shukar da saiwarta ya kai gida ya sussuke, ya ƙone ragowar, bai bar wa gona komai ba. Yanke daga gindi da lauje, ka bar saiwar a ƙasa. Ɓawon da karan, ko dai ka mayar gona, ko dabbobi su ci ka kai takinsu. Haka ma harawar wake da ta gyaɗa: sayar da ita kuɗi ne, amma ka san takin gonarka ne ka ɗora wa amalanke.

Masarar da ta biyo waken soya tana samun wata riba ta daban a gonar da wuta-wuta ta addaba. Saiwar wasu ire-iren waken soya tana yaudarar ƙwayar wuta-wuta ta tsiro, ba ta kuwa iya kama shi, sai ta mutu. Shekara ɗaya ba ta share gona, amma tana ragewa. Ita masarar za ka sa mata takinta, sai dai kana iya rage yuriyar, kuma ɗan sufan da ya rage a ƙasa nata ne.

Idan kaka ta yi, sussuke fegin nan huɗu daban-daban, ka auna kowanne da sikeli, ka rubuta. Cire kuɗin gari da na sufa daga kuɗin ƙarin da ka samu a farashin kasuwarku. In za ka sake shuka waken soya a gonar bayan masara, sayi sabuwar leda ka shafa, domin rani biyu na tsakani sun rage ƙwayoyin da ka bari a ƙasa.